Cinikin Biri a Sama: Abin Dubawa Kafin Sayen Sabuwar Bindigar Farauta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ranar cin kasuwar Sara, can cikin ƙasar Gwaram, ya san yadda ake cinikin sa. Mai saye ba ya gaggawa. Sai ya buɗe bakin san ya duba haƙora, ya shafa tozo, ya ɗaga kofato, ya sa a ja shi gaba da baya don ya ga ko yana ɗingishi, ya tambayi dillali daga wace ruga aka kawo shi, sannan ya ja ɗan'uwansa gefe su yi ƙus-ƙus kafin ya taya. Sa ke nan, wanda in ciniki ya ɓaci iyakarta a kai wa mahauci a rage asara.

To amma wannan mutumin, da daddare a majalisa, wani yaro zai miƙo masa waya ya ce, "Baba, dubi wannan." Bature ne a bidiyo, ya kwantar da wata siririyar bindiga a kan tebur, sabuwa fil, ƙotarta sai sheƙi take, yana jera harsashi biyar a rami guda. Nan take rai ya biya. Mutumin da ba ya sayen akuya sai ya latsa cikinta, sai ga shi yana tambayar nawa ce, kuma wa zai iya kawowa. Wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma a harkar bindiga ɓacin ciniki ba ya tsayawa a aljihu. Yakan kai mutum gidan yari, ko gadon asibiti, ko ya ɗora masa alhakin ran da bai yi niyyar ɗauka ba.

Bindigar da aka fi nunawa a irin waɗannan bidiyoyi ita ce ƙaramar raifil mai sakata, mai cin harsashi lamba .22. Sakatarta tana aiki kusan kamar ta ƙofa: a ɗaga mariƙin, a ja baya, kwanson da aka harba ya yi tsalle ya fita, a tura gaba ta kwaso sabon harsashi ta cusa shi cikin bututu, a kwantar da mariƙin ta kulle. Tsohuwar dabara ce. Sojojin Furusiya sun karɓi irinta ta farko, ƙirar Dreyse, tun 1841, kuma ƙirar Mauser ta 1898 ita ce har yau maƙeran duniya suke kwaikwayo. Harsashin ne ya bambanta ta da manyan 'yan'uwanta. A babban harsashi, abin da ke tayar da wuta ɗan maɓalli ne a tsakiyar gindin kwanso. A na .22 kuwa an shafe sinadarin ne a cikin leɓen gindin, zagaye, sai allurar bindiga ta daki gefen leɓen ta murƙushe shi, wuta ta kama albarushi. Tunda dole leɓen ya zama sirit kafin allura ta iya lotsa shi, kwanson ba zai jure matsi mai yawa ba, shi ya sa a yau kusan duk harsashin da ke tashi ta gefe ƙarami ne. Wani Bafaranshe mai suna Flobert ne ya fara ƙirƙiro shi a 1845, sannan a 1887 kamfanin Stevens na Amurka ya fito da .22 Long Rifle, wanda har gobe yana cikin harsasan da aka fi saya a duniya.

Dalmar da ke kansa faɗinta kamar milimita 5.6 ne, nauyinta giram 2.6, ba ta fi ƙwayar wake ba. Tana fita da gudun mita 330 zuwa 380 a daƙiƙa ɗaya. Ba ta da ƙara mai firgita gari, ba ta naushin kafaɗa. Wanda ya saba da bindigar toka, wadda in ta tashi sai hayaƙi ya rufe mai harbi kuma kafaɗarsa ta kwana tana tsami, zai ɗauka abin wasan yara aka ba shi. Wannan rainin ne ya fi komai haɗari a lamarinta, kuma za a dawo kansa.

Tambayar farko da ya kamata mai saye ya yi wa kansa ita ce: me zan harba da ita? In zomo ne, ko zabon daji, ko fakara, ko kurege da gafiya masu tone gyaɗa, a tazarar mita 50 zuwa 70, to an yi ta ne domin haka, kuma ba ta ɓata nama kamar yadda tarin yankakken ƙarfe ke yi. In kuwa gyado ne ke shiga rogo, ko wata babbar dabba, wannan harsashi zai raunata ta ne kawai ta gudu, ta je ta mutu cikin wani kwazazzabo bayan kwana biyu, ba nama, ba lada, sai alhaki. Mafarautan da suka san darajar sana'arsu ba sa yarda da haka, addini ma ya yi umarni da kyautatawa ko wajen kisan dabba. Akwai kuma masu tunanin za su ajiye ta ne saboda ɓarayin daji da masu satar mutane. Wannan yaudarar kai ce. Bindiga mai harsashi biyar da ake ja wa sakata bayan kowane harbi ba ta tsayawa gaban AK-47, sai dai ta ja wa gidan da aka san tana ciki baƙin dare masu neman ƙwace ta.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Kafin a ƙirƙiri Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, Birnin Kudu da Gwaram ƙasar Kano ne, kuma tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 garuruwan kudancin Kano su ne bakin daga duk lokacin da mayaƙan Ningi suka sauko daga duwatsunsu. A 1890 ƙasashen Turai suka zauna a Burasal suka ƙulla yarjejeniyar hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, suka bar musu masu ƙyastu da ake ɗurawa ta baki. Ta haka bindigar toka ta zama ta gida, maƙera suka koyi ƙera ta da gyara ta, ta shiga hannun mafarauta da 'yan bindigar da ke raka sarki ranar hawan Sallah a Dutse. Aibinta sananne ne: bututun da aka yi da ƙarfen da ba a gwada ba yakan fashe, kuma ba a rasa dattijo mai guntayen yatsu a cikin tsofaffin mafarauta. Amma tana da wata falala da ya kamata mai sha'awar sabuwar bindigar Turai ya yi tunani a kanta. Komai nata a kusa yake. Albarushi, dalma, tsumman toshewa, maƙerin da zai gyara kunama, duka ba sa wuce tafiyar babur. Raifil mai sakata ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan a ƙauye.

Kafin a zo kan ƙarfe da katako ma, akwai takarda, kuma a nan yawancin cinikin ke mutuwa ko ya kamata ya mutu. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko haramtattu ne: bindigogin yaƙi, raifil masu harsashin soja irin su 7.62 da .303, da fistol. Waɗannan sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma wanda aka kama da ɗaya ba izini yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Kashi na biyu su ne na amfanin kai: mai baki ɗaya da mai baki biyu, raifil ta farauta wadda harsashinta ba na soja ba ne, har da bindigar iska da mutane da yawa ke zaton ba ruwan doka da ita. Lasisin waɗannan a hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda yake, kuma a nan .22 mai sakata ta faɗo. Kashi na uku su ne masu ɗuri ta baki, wato bindigar toka da danginta, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Dokar ta fito fili ta ce lasisi ba haƙƙin kowa ba ne, ana iya hanawa. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Sayarwa kuma sai dillalin da aka yi wa rajista. Harsashi shi ma yana ƙarƙashin lasisin.

Sannan ƙofar ma ba kullum take buɗe ba. A watan Yuni na 2022, lokacin da Gwamna Bello Matawalle ya ce wa mutanen Zamfara su nemi bindiga su kare kansu, rundunar 'yan sandan jihar ta amsa cewa akwai takunkumi a kan bayar da lasisi. A watan Agusta na 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sake sanar da dakatar da bayar da sabon lasisin ƙananan makamai a faɗin ƙasa. Saboda haka mutumin Basirka ko na Farin Dutse da bidiyo ya ja hankalinsa, tafiyarsa ta farko hedikwatar 'yan sanda ce a Dutse, ya tambaya da bakinsa ko ana bayarwa a halin yanzu, kuma waɗanne dillalai ne ke da rajista. In amsar ita ce ba a bayarwa, magana ta ƙare a nan. Duk wanda ya zo daga baya ya ce, "Alhaji, kawo kuɗi, takarda za ta biyo baya," bindigar fasa-ƙwauri yake tallatawa, kuma babu mai iya rantsewa a kan abin da aka aikata da ita kafin ta iso. Ranar da aka kama ta, mai riƙe da ita ne zai amsa.

Yadda ƙasar take a yau ya ƙara wa wannan batu nauyi. A ƙarshen watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, taron mutane ya kashe matafiya 16, mafarauta 'yan Jihar Kano da ke hanyar komawa gida hutun Sallah daga Fatakwal, bayan 'yan sintiri sun ga bindigogin toka a cikin motar da ta ɗauko su. Kisan zalunci ne, kuma babu wata takarda da za a ce rashinta ya halatta shi. Amma ya nuna irin idon da ake kallon Bahaushe mai bindiga da shi a kan hanya. In bindigar toka ta jawo haka, raifil mai madubi da gidan harsashi, wadda ga idon wanda bai sani ba kama take da ta soja, za ta jawo tambayoyi a kowane shingen bincike daga Birnin Kudu zuwa Kano.

A ce an wuce wannan mataki, lasisi ya samu, dillali halastacce ne. Abu na gaba shi ne abincin bindigar. Kwanson .22 in an harba shi ya gama aiki, ba a sake cika shi, domin leɓen ya riga ya lotse kuma sinadarin ya ƙone. Kowane harbi ke nan sai an shigo da shi daga ƙetare, da kuɗin waje, ta hannun dillali. Ko a Amurka, inda ake ƙera shi da biliyoyi, daga 2013 an yi kusan shekara uku ana neman .22 a shaguna ana rasawa. Akwai kuma 'yan'uwansa da ke ruɗa mutane: .22 Magnum da Winchester ya fitar a 1959, da .17 HMR da Hornady ya fitar a 2002. Dukansu ta gefe suke tashi, sun fi gudu, sun fi tsada, sun fi wuyar samu, kuma ba a musanya su da .22 Long Rifle. Abin da aka zana a jikin bututu shi kaɗai bindigar ke ci. Mai saye ya karanta wannan rubutu da idonsa, ya nemi dillali ya nuna masa kwalin harsashi mai irin rubutun a kan kanta, yau, ba alkawarin wata mai zuwa ba. Bindigar da babu harsashinta gora ta fi ta amfani a daji.

Sai maganar sabunta, wadda ita ce ta fi jan ido a waya kuma ita ce ta fi cancantar a yi mata tsaiko. Sabon samfuri yana nufin kamfani ya canja wani abu, kuma ba a san ƙarshen canjin ba sai dubban mutane sun yi amfani da shi cikin ruwa da ƙura da sanyi. Misalai suna nan a rubuce. Kamfanin Ruger ya fitar da American Rimfire a 2013, ba a jima ba ya nemi a dawo da masu cin .22 Magnum da .17 HMR da aka ƙera tsakanin Nuwamba 2013 da Janairu 2014, saboda an fitar da su babu wani ɗan rami da ke sakin iska in kwanso ya fashe a ciki. Rami ɗaya, amma shi ke kawar da zafin daga fuskar mai harbi. Kamfanin CZ na ƙasar Cek, wanda ake girmamawa a wannan sana'a, ya ƙaddamar da babbar raifil ɗinsa CZ 600 a ƙarshen 2021, cikin watanni kaɗan ya roƙi masu ita su daina harbawa saboda matsalar ɗaurin bututu. Remington kuwa a Afrilun 2014 ya janye Model 700 masu wata irin kunama da ya yi ta sayarwa tun Mayun 2006, bayan an gano tana iya tashi ba a taɓa ta ba. Shekara takwas kafin a farga.

Ba'amurken da wannan ya shafa zai sa bindigarsa a kwali, kamfani ya biya kuɗin aikawa, ta dawo a gyare. Mutumin Gwaram ba shi da wannan gata. Sanarwar ma ba lallai ta iso kunnensa ba, in ta iso kuma babu hanyar mayarwa, ga shi doka ba ta yarda kowane maƙeri ya buɗe irin wannan bindiga ba sai mai izinin gyara. Saboda haka hikimar ita ce a bar samfuri ya yi shekara biyu ko uku a kasuwa, a sa wani mai ilimin intanet ya duba shafin kamfanin ko an yi kiran dawo da ita, a gwada lambarta da lambobin da aka lissafa. Sabuwar da ta gaji tsohuwa ta fi wadda aka faro daga tushe kwanciyar hankali. CZ 457 da ta fito a 2019 jikanyar bindigogin Brno ce da ake ƙerawa tun shekarun 1950, kuma tana karɓar gidan harsashin magabatanta. Duk da haka ko ita ta zo da canjin da zai iya cutar da wanda ya saba da tsohuwar: a CZ 452 da 455 tura makullin kunama gaba shi ne rufewa, a 457 kuwa tura shi gaba shi ne buɗewa don harbi. Hannun da ya saba shekara 20 ba ya karanta takardar bayani.

Masu bidiyon nan ma a san matsayinsu. Da yawansu kamfani ne ke aiko musu da bindigar, suna harbawa daga kan tebur, cikin inuwa, da harsashi mafi tsada, kuma abin da ya fi kyau shi ake nunawa. Ba ƙarya suke yi ba, amma babu ɗayansu da ya ratsa ƙurar hunturu da ita a bayan babur.

In an kai ga riƙe ta a hannu, a fara da abin da kowane mafarauci ya koya daga ubansa: kowace bindiga ɗurarriya ce har sai ka duba da kanka. A cire gidan harsashi, a buɗe sakata, a leƙa, baki kuma yana kallon ƙasa ko bango. Daga nan a nemi lamba. Ta kasance a fili, ba alamar goga ko sabon fenti a wurin, kuma ta yi daidai da wadda ke kan rasit da wadda za ta hau lasisi, harafi da harafi. Bindigogin Turai suna ɗauke da wani ƙaramin hatimi kusa da gindin bututu, shaidar cewa an gwada su da harsashi mai ƙarfi fiye da kima ba su fashe ba. A Ingila gidan gwaji na Birmingham yana wannan aiki tun 1813, kuma tun 1914 ƙasashe irin su Beljiyam da Jamus da Italiya suka haɗa hukuma ɗaya mai suna C.I.P. don amincewa da hatimin juna. Amurka ba ta ciki, kamfanoninta su ke gwada nasu, don haka rashin hatimin a kan Ruger ko Savage ba laifi ba ne. Rashinsa a kan wadda aka ce daga Cek ko Finland ta fito kuwa abin tambaya ne.

A zare sakatar gaba ɗaya a ɗaga bututun a leƙa ta baya zuwa ga haske. Za a ga wasu layuka sun murɗe kamar igiya, su ne ke juya dalma ta tafi a miƙe, zagaye ɗaya a kowane santimita 40 ko kusa da haka. Su fito tsaf, ba tsatsa, ba duhun ramuka. Bakin bututun, daidai inda dalma ke rabuwa da ƙarfe, ya zama sumul, domin ƙaramar targaɗe a wurin ta isa ta karkatar da kowane harbi. A gindin bututu kuma, inda leɓen harsashi ke zama, a duba ko akwai ɗan lotsi. In akwai, an yi ta ɗana ta ana sakin kunama babu harsashi har allura ta ci ƙarfen, abin da ke faruwa ga bindigar da ta daɗe a shago kowa na wasa da ita, kuma irin wannan takan riƙe kwanso ta ƙi fitarwa. Sakata ta shiga ta fita ba tare da kokawa ba. Kunama kada ta yi tauri har hannu ya girgiza, kada kuma ta yi laushin da numfashi zai tashe ta. Nauyin jan kunama na kilo ɗaya da 'yan kai zuwa kilo biyu ya dace da mai yawo a daji. Da izinin dillali, bayan an tabbatar ba komai a ciki, a ɗana ta, a rufe makulli, a ja kunama, a saki, sannan a buɗe makullin, a ɗan buga gindinta a ƙasa. In allura ta faɗa da kanta a ko'ina cikin wannan gwaji, a ajiye ta a yi sallama.

Ƙotar katako ta fi kyau a ido, ba musu. Sai dai katakon da aka busar don yanayin Turai yakan sha wuya a nan: hunturu ya tsotse shi ya tsage, damina ta kumbura shi har ya danne bututu, saiti ya kauce. Ƙotar roba ba ta da kwarjini amma ba ruwanta da watan Agusta. Haka kuma yawancin sababbin samfura, irin su Tikka T1x ta Finland da ta fito a 2018, ba su da ƙarfen saiti a jiki sam, an yi su ne don a ɗora madubi. Madubin kirki kuɗinsa na daban ne, na banza kuma girgizar hanya ɗaya ke ɓata shi, ranar da ya fashe kuwa bindigar ta makance. Ga mai farautar zomo a mita 50, wadda ke da ƙarfen saiti nata na kanta ta fi rufin asiri. A tambayi kuɗin gidan harsashi na biyu tun a wurin, don ƙaramin abu ne mai saurin faɗuwa cikin ciyawa.

Gani ya kori ji, kuma gwajin gaskiya shi ne harbi, a wurin da hukuma ta amince, da tudun ƙasa a bayan abin saiti. A kafa takarda a mita 50, a ɗora bindigar a kan buhun yashi, a harba biyar ba tare da canja inda ake nufi ba. Ba a damu ko sun sami tsakiya ba, wannan gyaran saiti ne. Abin lura shi ne yadda ramukan suka taru. In murfin kwalbar lemo zai rufe biyar ɗin, bindigar ta isa ta sami kan zomo. In sun watsu kamar tafin hannu, a canja kamfanin harsashi a sake, domin .22 tana da zaɓen abinci, wata ta so wannan ta ƙi wancan. A maimaita sau uku ko huɗu, taro ɗaya mai kyau yana iya zama sa'a. In an ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakin yana kallon tudun a ƙirga 30 kafin a buɗe sakata, saboda wani lokaci wutar jinkiri take yi. Ɗaya cikin kwali ba abin damuwa ba ne. Uku ko huɗu kuwa, ko allura ce mai rauni ko harsashin ya sha damshi. Dalmar tana da wani maiƙo a jiki mai kama ƙura, bakin kwanson kuma ba a like yake sosai ba, shi ya sa zuba harsasan tsirara a aljihun riga tare da goro ba dabara ba ce.

Yanzu a koma kan rainin nan. Tarin ƙananan ƙarafan bindigar toka ko na mai baki biyu sukan mutu su zube cikin mita 200 zuwa 300. Dalmar .22 in ta kuskure abin da aka nufa, baki kuma yana ɗan sama, tana iya wuce kilomita ɗaya da rabi, kuma kamfanoni na buga wannan gargaɗi a jikin kwali. Ta isa ta kashe mutum a can inda za ta sauka. Kudancin Jigawa ba dajin da ba kowa ba ne. Tsakanin mai harbi da ƙarshen wannan tazara akwai gonaki, akwai rugar Fulani, akwai mata masu itace, akwai yara masu kiwon awaki waɗanda karan dawa ya ɓoye. Mafaraucin da ya saba ɗaga bindigar toka ya harbi hasbiya a kan reshen ɗorawa, in ya yi haka da raifil ya aika dalma wani ƙauye. Ga kuma duwatsu. Birnin Kudu gari ne na manyan falalen dutse, su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, inda mutanen dā suka zana hotunan shanu a jikin kogo, zanen da masana suka fara nazari a shekarun 1950 kuma yanzu yana cikin kayan tarihin ƙasa. Irin wuraren nan ne dabbobi ke fakewa, kuma a kansu ne .22 ta fi mugun hali: ba ta da ƙarfin tarwatsewa in ta daki dutse, sai ta zame ta yi tsalle ta nufi inda ba wanda ya nufa, da wani ɗan kuka mai kama da fito. Haka take yi a kan ruwa, abin da ya shafi masu bin tsuntsu a bakin kogin Bunga. Wanda ƙasar farautarsa ba ta da tudu ko gangare da zai tare harsashi a bayan dabba, mai baki ɗaya ta fi dacewa da shi ko da kuwa yana da kuɗin raifil uku.

Lissafin kuɗin ma ba ya ƙarewa a farashin da dillali ya faɗa. Akwai sabunta lasisi, akwai harsashin gwaji wanda yakan fi na farauta yawa, akwai mai da sandar goge bututu, akwai akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Wannan na ƙarshe shi aka fi yi wa rowa, alhali a gidan da yara goma ke shiga ɗakin maigida neman caja, bindiga marar nauyi da ba ta naushi ita ce yaro ɗan shekara tara zai iya ɗagawa. Sakatar raifil tana fita cikin daƙiƙa biyu. A ajiye ta wani wuri daban, harsashi ma daban, makullin akwatin kuma a jikin maigida. In bindigar ta ɓace ko an sace, doka ta wajabta a sanar da 'yan sanda ba da ɓata lokaci ba.

Lasisin da sunan mutum ɗaya yake, a kan bindiga ɗaya mai lamba ɗaya. Ba a ara wa ƙane ya je gona da ita, ba a jinginar da ita, ba a sayar wa maƙwabci a zaure. Ranar da mai ita ya rasu, takan shiga lissafin dukiyar da za a raba, amma takardar ba ta bin gado. Magada su kai ta ma'ajiyar 'yan sanda, wanda ta faɗo a rabonsa kuma ya nemi nasa lasisin daga farko, ko a sayar ta hannun dillali mai rajista a raba kuɗin.